Luwi na Tara, Sarkin Faransa da Ya Kwana a Ɗaure a Mansura



A birnin Mansura na ƙasar Masar akwai wani tsohon gida da ake kira Dar Ibn Luƙman, wanda yanzu aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi. A shekarar 1250, a cikin wannan gida aka tsare sarkin Faransa sukutum, da sarƙa a ƙafarsa, wani bawan fada mai suna Sabih yana gadinsa. Sarkin nan shi ne Luwi na Tara. Shekara 47 bayan wannan ɗauri, cocin Katolika ta ayyana shi a matsayin waliyyi, kuma duk cikin sarakunan Faransa shi kaɗai ya sami wannan matsayi. Birnin Saint-Louis na Senegal da St. Louis na Amurka sunansa suka ci. Makarantar 'yan mata ta St. Louis da ke Kano ma, in aka bi salsalar sunan, a kansa za a tsaya. To yau shi za mu ɗora a kan faifai, mu auna abin da ya gyara da abin da ya ɓata, domin mutumin ya yi duka biyun, kuma da zuciya ɗaya ya yi su.

An haife shi a garin Poissy a watan Afrilun 1214. Yana da shekara 12 mahaifinsa ya rasu, aka naɗa shi a birnin Reims a ƙarshen Nuwamban 1226. Yaro ne, saboda haka mahaifiyarsa Blanche, 'yar sarkin Kastil ta ƙasar Sifen, ita ta riƙe mulki. Manyan hakiman ƙasar suka ga mace ce, baƙuwa, ga marayan yaro a hannunta, suka ce dama ta samu. Ba su san wadda suka taɓo ba. Wasu ta lallashe su, wasu ta raba kansu, waɗanda suka ƙi ji kuwa ta tura musu mayaƙa. Kafin ɗanta ya kawo ƙarfi ta riga ta kwantar da ƙurar. Ita ce kuma ta dasa masa tsananin addini tun yana ƙarami, har ana ba da labarin cewa takan nuna masa gara ta ga gawarsa da ta ga ya aikata babban zunubi.

Bari in ɗan ratse, domin akwai abin dariya a nan. Luwi ya auri Marguerite, 'yar mai mulkin Provence, a 1234, suka haifi 'ya'ya 11. Amma uwar miji ba ta son ganin su tare da rana. Joinville, abokin sarkin wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin yadda a fadar Pontoise sarki da matarsa kan haɗu a ɓoye a kan matakalar da ta haɗa ɗakunansu. In dogarai suka hango Blanche tafe sai su bugi ƙofa da sanda, kowa ya ruga ɗakinsa. Mutumin da ya kori sarkin Ingila da rundunarsa a Taillebourg a 1242, shi ne ke gudun sawun mahaifiyarsa a cikin gidansa.

A ƙarshen 1244 ya kwanta ciwo har aka fid da rai. Da ya farfaɗo sai ya ɗauki alwashin zuwa yaƙin Salibiyya, a shekarar da birnin Ƙudus ya sake fita daga hannun Turawa. Mahaifiyarsa ta roƙe shi ya janye, babban limamin cocin Paris ma ya ce alwashin da aka yi cikin zafin ciwo bai hau kan mutum ba. Ya ƙi. Ya kwashe fiye da shekara 3 yana shiri. Ya gina tashar jiragen ruwa a Aigues-Mortes, ya sa aka tara hatsi da giya a tsibirin Kubrus, aka ɗora wa coci-coci da birane haraji na musamman.

Cikin wannan shiri ya yi wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. A 1247 ya aika masu bincike, akasarinsu malaman coci masu zuhudu, su zaga ƙasa su saurari koke-koken talakawa a kan ma'aikatan sarki. Ku lura, an saba aika mutane su binciko abin da sarki yake bin talaka. Shi kuwa cewa ya yi a binciko abin da talaka yake bin sarki: dabbar da aka ƙwace, tarar da aka ci ba bisa ƙa'ida ba, kayan ɗakin bazawara da wani ɗan doka ya yi gaba da su. Aka rubuta dubban ƙararraki, aka mayar wa mutane da yawa haƙƙinsu. Dalilinsa shi ne kada ya tafi yaƙin da zai iya mutuwa a cikinsa da haƙƙin wani a wuyansa. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu, kowa ya san yadda mai niyyar doguwar tafiya kan bi gida-gida yana biyan bashi yana neman gafara.

Ya tashi a watan Agustan 1248, ya yi hunturu a Kubrus, ya sauka a gaɓar Masar a watan Yunin 1249. Me ya kai shi Masar alhali Ƙudus yake nema? Lissafin Turawan lokacin shi ne ƙarfin daular Ayyubawa, zuriyar Salahuddin, yana Masar, in aka karya ta sauran mai sauƙi ne. An taɓa gwada wannan lissafi tsakanin 1218 da 1221, aka ci garin Dimyaɗ da ke gaɓar Masar, aka nufi Alƙahira, ruwan Nilu da sojojin Masar suka tarwatsa tafiyar daidai wurin da Mansura take. Luwi ya san da wannan, amma hanyar ya sake bi, taku bayan taku.

Da farko abin ya zo masa da sauƙi. Masu tsaron Dimyaɗ suka gudu suka bar garin a buɗe. Sultan Salih Ayyub yana kwance ba lafiya, kuma a watan Nuwamba ya rasu, daidai lokacin da Faransawa suka fara gangarowa kudu bayan sun ɓata watanni suna jiran ambaliya ta janye da kuma isowar ƙarin mayaƙa. A nan wata mace ta shigo cikin labarin, Shajaratud Durr, matar sultan, wadda asalinta baiwa ce. Ta ɓoye rasuwar mijinta. Aka ci gaba da kai abinci ɗakinsa, takardun umarni suna fita da sa hannunsa, ita kuwa ta aika a kirawo ɗansa Turanshah daga can arewacin ƙasar Iraƙi ta da. Da labarin rasuwar ya fasu da wuri, mai yiwuwa da rundunar Masar ta watse kafin a gwabza.

Ranar 8 ga Fabrairun 1250, bayan an biya wani mutum ya nuna musu mashigi, Faransawa suka ƙetare rafin da ya raba su da sansanin Masar. Umarnin sarki shi ne na gaba su jira na baya. Ƙanensa Robert, mai mulkin Artois, ya ƙi jira. Ya auka wa sansanin, aka kashe kwamandan Masar Fakhruddin wanda harin ya riske shi yana wanka. Daɗin nasara ya ɗebi Robert ya bi masu gudu har cikin garin Mansura. Mamalik, wato sojoji bayin sarki, cikinsu har da wani jarumi mai suna Baibars, suka bar shi ya shige lungunan gari inda doki ba ya iya juyawa, sannan suka rufe su. Ana sara ta gaba, mutanen gari suna jefo duwatsu da itatuwa daga saman soraye. Robert ya mutu a nan tare da ɗaruruwan barade. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar yaƙin muni. Turanshah ya iso, ya sa aka ɗauki jiragen ruwa gunduwa-gunduwa a kan raƙuma aka kewaye sansanin Faransawa, aka harhaɗa su a bayansu, aka datse hanyar abinci daga Dimyaɗ. Yunwa ta shiga, atuni ya shiga, ga wani ciwo mai ruɓar da dasashi. Joinville, wanda yake wurin, ya ba da labarin yadda wanzamai ke yanke ruɓaɓɓen nama daga bakin sojoji don su iya tauna abinci, ana jin ihunsu ko'ina a sansani. Shi kansa sarki gudawa ta kai shi har sai da aka yanke gindin wandonsa. An ba shi shawara ya shiga jirgi ya tsere, ya ce ba zai bar mutanensa ba, kuma wannan dole a yaba masa. A farkon Afrilu aka kama shi kusa da Fariskur tare da abin da ya rage na rundunarsa.

Aka yi cinikin fansa. Dimyaɗ ce fansar kansa, mutanensa kuma dinarin zinariya 800,000, daidai da liba 400,000 a kuɗin Faransa na lokacin. Abin da ya sa ma aka sami Dimyaɗ ɗin da za a yi ciniki da ita, matarsa ce. Marguerite tana cikin garin da tsohon ciki, ta haihu kwanaki kaɗan bayan labarin kamun ya iso, kuma tana kan gadon jego ta kira 'yan kasuwar Genoa da Pisa da ke shirin gudu, ta sayi abincin garin da kuɗin sarki ta ciyar da su don su tsaya. Ana cikin haka Mamalik suka kashe Turanshah a farkon watan Mayu, suka ɗora Shajaratud Durr a kan mulki. Su suka ƙarasa cinikin, suka saki Luwi bayan ya yi wata guda a hannu. Wajen auna rabin farko na kuɗin, wani daga cikin mutanensa ya zo yana murna cewa sun yi wa Musulmi ƙwange na liba 10,000. Sarki ya fusata, ya ce a cika musu kuɗinsu, tunda ya ba da kalmarsa. Rabi na biyu dai ba a taɓa biya ba, Faransawa suka ce ɗaya ɓangaren ne ya fara saɓa alkawari da ya kashe marasa lafiyan da aka bari a Dimyaɗ.

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan labari ya yi mana nisa. A cikin shekarun nan ne alhazan Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a tsohuwar Alƙahira, masauki da wurin karatu ga mutanen ƙasarsu masu wucewa zuwa Makka. Masar ɗin da Luwi ya zo ci da yaƙi, ita ce zangon mahajjatan yankin Tafkin Chadi.

Bai koma gida nan take ba. Ya yi shekara 4 a gaɓar Sham yana gyara ganuwar Akka da Ƙaisariyya da Yafa da Saida, yana fanso fursunoni. Mahaifiyarsa ta rasu a 1252 tana riƙe masa da ƙasa. Masana sun ƙiyasta cewa tafiyar gaba ɗaya ta lashe kimanin liba miliyan 1 da rabi, wajen ninki 6 na abin da baitulmalin sarki ke samu a shekara. Ya dawo Faransa a 1254 ya zama wani mutum daban. Ya daina sa tufafin alfarma, ya rage ci, ya yawaita azumi.

To ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Luwi bai yi haka ba. Bai ɗora alhakin kayen a kan ƙanensa ko a kan kogin Nilu ba. Cewa ya yi zunubansa da zaluncin da ake yi da sunansa su suka jawo Allah Ya hana shi nasara. Saboda haka ya dawo ya tasar wa gidansa. A watan Disamban 1254 ya fitar da babbar doka: wakilin sarki a lardi ba zai karɓi kyauta ba, ba zai sayi ƙasa a inda yake mulki ba, ba zai aurar da 'ya'yansa ga mutanen wurin ba sai da izini, kuma in aka sauke shi zai zauna wasu makonni a lardin don duk mai ƙara ya zo ya same shi. Shekara fiye da 750 ke nan, amma ka karanta dokar sai ka rantse jiya aka rubuta ta. Ya hana a yanke shari'a da takobi a kotunansa, inda a da masu jayayya kan gwabza a ce wanda ya yi rinjaye shi ke da gaskiya. Ya ce a kawo shaidu. Da rani yakan fita dajin Vincennes ya zauna a gindin wata babbar bishiya, duk mai kuka ya matso ba tare da dogari ya tare shi ba.

Shari'ar da ta fi girgiza manya ita ce ta Enguerrand, mai mulkin Coucy, a 1259. Wasu samari 3 'yan Flanders sun bi zomaye da kwari da baka har suka ratsa cikin dajinsa. Ya sa aka rataye su ba shari'a. Sarki ya sa aka kama shi aka kulle a fadar Louvre. Hakimai suka taru a bayan ɗan'uwansu, suka ce babban mutum irin wannan sai dai a bar shi ya kare kansa da takobi. Luwi ya ƙi. Rataye shi ya so yi, da ƙyar aka shawo kansa, aka tsaya a tara mai nauyi, da ƙwace masa ikon hukunci a dazuzzukan, da gina wuraren addu'a don mamatan. Bai kai inda ya so ba, amma daga ranar kowane hakimi ya san akwai wanda ke sama da shi.

Da maƙwabtansa Kiristoci kuwa sulhu ya nema. Ya daidaita da Aragon a 1258, da Ingila a 1259, har ya mayar wa sarki Henry na Uku wasu yankuna duk da fadawansa sun ce asara ce. Hujjarsa ita ce matansu 'yan'uwa ne ciki ɗaya, 'ya'yansu bai kamata su tashi da gaba ba. Ya gina gidan makafi 300 a Paris. Limaminsa Robert de Sorbon ya kafa kwalejin da ta zama Sorbonne. Yakan wanke ƙafafun matalauta, yakan ciyar da kuturu da hannunsa.

Sai dai wannan adalci yana da shinge, kuma shingen a bakin addininsa ya tsaya. A zamaninsa aka gurfanar da littafin Talmud na Yahudawa a gaban shari'a a 1240, daga baya aka loda kwafe-kwafensa a kekunan shanu aka ƙone a Paris. A 1269 ya tilasta wa Yahudawa ɗinka wani ƙyalle mai da'ira a rigunansu don a riƙa gane su. A 1244 sojojinsa suka ci dutsen Montségur a kudancin ƙasar, aka ƙone mutum fiye da 200 'yan ɗariƙar Kathar da ransu saboda sun ƙi barin aƙidarsu. Wani mutumin Paris da ya yi saɓo, sarki ya sa aka ɗora masa ƙarfe mai zafi a leɓe. Kuma mai wanke ƙafar talaka shi ne ya biya liba 135,000 don sayen kambin ƙaya da Kiristoci suka yi imani an ɗora wa Annabi Isa, kuɗin da ya ninka na gina cocin Sainte-Chapelle da aka ajiye shi a ciki. Masu kare shi kan ce ai haka zamanin yake. Gaskiya ne zamanin bai san sassauci ba, amma a waɗannan abubuwa Luwi yana gaba ne, ba a tsakiya ba. Imanin da ya hana shi cin ƙwangen liba 10,000, shi ne dai ya halatta masa wuta da ƙarfe mai zafi.

A ganina rabin darasin Mansura ya ɗauka. Ya tambayi kansa ko hannunsa na da tsabta, ya kuma yi aiki tuƙuru don ya wanke shi. Amma tambayar ko yana da hurumin ɗaukar dubban 'ya'yan mutane ya kai su ƙasar wasu su kashe a kashe su, wannan ba ta taɓa zuwa masa ba. Duk gyaran da ya yi a gida, a zuciyarsa shiri ne na komawa.

Kuma ya koma. Mamalik ɗin da yaƙinsa ya buɗe wa ƙofar mulki sun zama daula mai ƙarfi, wadda ta tsayar da Mongol a Ain Jalut a 1260. Baibars ya zama sultan, ya bi garuruwan da Luwi ya kashe dukiya ya gyara, ya ci Ƙaisariyya a 1265, ya ci Yafa a 1268. A 1267 Luwi ya sake ɗaukar alwashi, alhali jikinsa ya yi raunin da ko doguwar tafiya a kan doki ba ya iyawa. Wannan karon Joinville ya ce ba za shi ba. Dalilinsa shi ne a wancan zuwan ma'aikatan sarakuna sun talauta mutanen ƙasarsa a bayan idonsa, kuma a ganinsa tsayawa ya kare su ya fi kusa da yardar Allah. Har ya ɗauki waɗanda suka ba sarki shawarar tafiyar a matsayin masu babban zunubi. Ga amini, ga Kirista mai kishin addininsa, ga kuma wanda ya sha wuyar Masar tare da shi, amma ya hango abin da waliyyin bai hango ba.

Rundunar ta tashi a watan Yulin 1270, kuma maimakon Masar ko Sham sai ta nufi Tunis, ƙasar Hafsawa. Na kusa da sarki sun ba da labarin cewa yana fatan mai mulkinta, al-Mustansir, zai karɓi addinin Kirista. Mutumin da ake wannan fata a kansa ya riga ya ɗauki laƙabin halifa, kuma sunansa ya kai har ƙasar Kanem, wadda sarkinta ya aiko masa da kyautar raƙumin dawa a 1257 kamar yadda Ibn Khaldun ya ruwaito. Faransawa suka yada zango a kangon Kartaj cikin tsananin zafin bazara, ba ruwan sha mai kyau. Cuta ta shiga. Ɗansa Jean Tristan, jaririn nan da aka haifa a Dimyaɗ, ya mutu a farkon Agusta. Ranar 25 ga watan Luwi ya bi shi, yana da shekara 56, a kwance a kan toka kamar yadda ya nema. Ƙanensa Charles, sarkin Sisili, ya iso a ranar, ya ƙulla yarjejeniyar da shi ya fi kowa cin ribarta, aka naɗe tabarma. Aka dafa gawar don a raba tsoka da ƙashi, aka kai ƙasusuwan cocin Saint-Denis aka binne a 1271. Shekara 20 bayan haka Akka ta faɗi, zaman 'yan Salibiyya a gabas ya ƙare.

Fafaroma Boniface na Takwas ya ba shi waliyyantaka a 1297, lokacin mulkin jikansa Philippe na Huɗu, wanda ya ci moriyar sunan kakansa matuƙa. Wannan hukuncin coci ne, nata ne. Nawa hukuncin a matsayin mai sharhi shi ne: a cikin iyakar ƙasarsa, ga Kirista mai bin cocinsa, Luwi na Tara yana cikin sarakuna mafi adalci da Turai ta gani a wancan zamani. Ga Bayahuden Paris, da mutanen Montségur, da manomin bakin Nilu, da sojan da ya ruɓe a Fariskur, azzalumi ne mai tsarkin niyya.